Ƙarfen da Ake Hurawa da Baki

A shekarar 1959, a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya ta Amurka, wani malamin jami'ar Caltech mai suna Pol Duwez ya sa ɗalibansa biyu, Ronald Willens da William Klement, suka haɗa wata irin bindiga wadda harsashinta ɗigon narkakken ƙarfe ne, abin harbinta kuma faifan jan ƙarfe mai sanyi. Iskar gas ce a matse take fasa wani ɗan marfi, ta kwashi ɗigon da ƙarfin tsiya ta maka shi a jikin faifan, ya baje, ya daskare nan take. Da aka yi lissafi, sai aka ga zafin ɗigon yana sauka da kimanin digiri miliyan ɗaya a cikin sakan guda.

Duwez ɗan ƙasar Beljiyam ne, an haife shi a garin Mons a 1907. Ya fara zuwa Caltech a 1933, ya koma gida, sai yaƙin duniya na biyu ya sake koro shi bayan Jamus ta mamaye ƙasarsu a 1940. Abin da ya sa ya ƙera bindigar kuwa wata 'yar matsala ce da ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Azurfa da jan ƙarfe in an narka su tare suna gauraya sarai, kamar yadda kowane maƙerin fari ya sani. Amma da zarar sun fara daskarewa sai su ware, kowa ya nemi 'yan uwansa, ƙarfen ya fito da ɗigo-ɗigon wannan a cikin wancan, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Bisa ƙa'idojin da masana ƙarfe suke koyarwa a lokacin, bai kamata su ware ba. Duwez ya ce to, rabuwa ai lokaci take ci, bari a hana su lokacin. Aka harba, aka duba, sai ga azurfa da jan ƙarfe sun daskare a gauraye. Ko a nan ya tsaya, ya ci riba.

Bai tsaya ba. Suka ci gaba da gwada wasu haɗe-haɗen, har suka zo kan zinariya da silikon, kashi 75 na zinariya da 25 na silikon. Wannan haɗi yana da wani hali na ban mamaki: zinariya zalla tana narkewa a digiri 1064, silikon a 1414, amma in aka gama su a awo na kusa da wannan, digiri 363 kawai ya ishe su narkewa. Aka harba ɗigon, aka ɗauko ɗan ɓawon da ya manne a faifan, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, aka haska shi da hasken eksire don a ga yadda cikinsa yake.

Duk ƙarfen da maƙerin garuruwanmu, na Maijirgi ko na Tasawa ko na Mayahi, ya taɓa kamawa da awartaki, hauya ce ko lauje ko gatari, ƙwayoyin zarra da suka yi shi a jere suke, layi bayan layi, kowace a gurbinta. Jerin ba ya tafiya ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Yana farawa ne a wurare da yawa lokaci guda yayin da ƙarfen yake daskarewa, kowane ya girma har ya ci karo da maƙwabcinsa. Shi ya sa in tsohon magagari ya karye ka dubi bakin karayar, za ka ga tsaba-tsaba suna ƙyalli. Ko tsoma ƙarfen da ya yi ja da wuta cikin ruwa da maƙeri yake yi don bakin gatari ya yi tauri, salon jerin yake sauyawa, jerin dai yana nan. Tun da ɗan Adam ya fara narkar da tama yana zubi, haka ƙarfe yake daskare masa. In an haska eksire a kan irin wannan ƙarfe, sai ya zana siraran layuka masu kaifi a jikin fim, kowane ƙarfe da nasa.

Ɓawon zinariya da silikon bai zana layi ko ɗaya ba. Wani dishi-dishin zobe ya bayar, irin wanda ruwa yake bayarwa, ko gilashin taga. Ƙwayoyin sun daskare a hargitse, kowace a inda sanyi ya riske ta. A ranar 3 ga Satumba 1960 mujallar Nature ta buga ɗan gajeren rahotonsu. Abin da suka samu bai yi kama da abin arziki ba: ɗan fallen da ba ya ɗaurewa ba ya lanƙwasa wa kowa komai, wanda kuma in aka ajiye shi kwana guda a ɗaki sai ƙwayoyinsa su lallaɓa su koma jeri. Har akwai waɗanda suka riƙa kiransa sakaran ƙarfen Duwez. Sunan da ya zauna masa daga baya shi ne gilashin ƙarfe, ko da yake ba a hangen komai ta cikinsa, ƙyalli yake yi irin na kowane ƙarfe.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai alewa ya riga ya ga rabin wannan ilimi. Sukari a buhu tsaba ne, kowace tsaba jeri ce. Mai alewa ya dafa shi da ruwa, ya matsa lemun tsami, ya bar shi ya yi kauri, ya juye a faranti. Tun yana da ɗumi zai ɗauke shi ya rataya a ƙusa, ya ja, ya ninka, ya sake ja, alewar tana miƙewa kamu bayan kamu ba ta tsinkewa. Da ta huce sai ta yi tauri, in ka buga ta ta karye ƙas, bakin karayar sumul babu tsaba. In kuwa hannu bai faɗa ba, sai ta koma gari-gari a hannunsa, aiki ya ɓaci. Lemun tsamin nan yana raba sukarin gida biyu ne, ƙwayoyin su zama iri-iri, jeruwa ta yi musu wuya. Alewa gilashi ce ta sukari, kuma duk abin da masana suka kwashe shekara hamsin suna yi da ƙarfe bayan Duwez yana cikin waɗannan matakai.

Wanda ya fara ɗaukar abin da muhimmanci shi ne David Turnbull na jami'ar Harvard, wanda tun kafin nan yake cewa kowane ruwa zai iya zama gilashi in aka sanyaya shi da isasshen sauri. Shi da H. S. Chen suka tabbatar a 1967 cewa sabon ƙarfen in aka ɗumama shi yana laushi ya koma ruwa mai kauri, daidai da halin gilashi. A shekarun 1970 kamfanin Allied Chemical ya gano yadda za a kwarara narkakken ƙarfe a kan wata ƙafar jan ƙarfe mai juyawa da gudu, ya fito a matsayin dogon zare mai faɗi, kaurinsa kimanin milimita 0.025, suka sa masa suna Metglas. Sai dai duk abin da aka iya yi a lokacin falle ne ko zare ko gari, domin zafi ba ya fita da wancan saurin daga cikin abu mai kauri. Chen ya samu sanda mai kaurin milimita guda a 1974, mutanen Turnbull suka kai santimita guda a 1984, amma da faladiyom, ƙarfe mai tsadar gaske.

Ƙofar ta buɗe ne a ƙarshen shekarun 1980 a jami'ar Tohoku da ke Sendai ta Japan, inda Akihisa Inoue da abokan aikinsa suka sauya dabara. Maimakon a yi ta ƙara saurin sanyaya, sai a sa ƙarfen ya yi nawar jeruwa. A haɗa ƙarafa uku ko fiye, waɗanda girman ƙwayoyinsu ya bambanta da sama da kashi 12 cikin ɗari, masu son manne wa juna. Manya da ƙanana su cakuɗe, kowace ta rasa gurbin da ya dace da ita, kafin su daidaita sanyi ya kama su. Lindsay Greer na jami'ar Kambirij ya kira wannan ƙa'idar ruɗani. A 1993 kuma, a Caltech ɗin dai, William Johnson da ɗalibinsa Atakan Peker ɗan ƙasar Turkiyya suka bayyana wani haɗi na ƙarafa biyar, zirkoniyom da titaniyom da jan ƙarfe da nikel da beriliyom, wanda aka sani da Vitreloy 1. Shi wannan, digiri ɗaya a sakan ya ishe shi ya zama gilashi. Daga miliyan an sauko ɗaya. Duwez bai ga wannan rana ba, ya rasu a ranar ƙarshe ta shekarar 1984.

Yanzu da aka samu dunƙule a hannu, sai aka auna shi. Ƙarfinsa ya ninka na titaniyom ɗin da ake jirgin sama da shi kusan sau biyu. Yana lanƙwasa da kashi 2 cikin ɗari ya dawo yadda yake, alhali yawancin ƙarafa ba sa kaiwa kashi 1. Akwai wani gwaji da ake yawan nunawa: a saki ƙwallayen ƙarfe uku lokaci guda, ɗaya a kan faifan baƙin ƙarfe, ɗaya a kan titaniyom, ɗaya a kan gilashin ƙarfe. Na farko da na biyu su yi 'yan tsalle-tsallensu su kwanta, na ukun yana nan yana tashi yana sauka har mai kallo ya gaji. Dalili shi ne ƙarfe mai jeri yana shanye duka ta hanyar zamewar layukansa a kan juna. Wannan zamewar ce take ba maƙeri damar ya buga ƙarfe ya baje, ita ce kuma take sa hauya ta lauye maimakon ta fashe in ta ci karo da dutse. Gilashin ƙarfe ba shi da layin da zai zame. Zai daure, ya daure, sai rana ɗaya duk nauyin ya taru a wani siririn tsagi, ya rabe biyu ba sallama. Masu bincike a Berkeley sun ga tartsatsin wuta yana tashi a daidai lokacin da irin wannan sanda take karyewa, bakin karayar kuma in aka duba shi a madubi, sai a ga alamun ƙarfe ya narke ya sake daskarewa. Masu ƙera kawunan sandunan wasan golf, waɗanda suka fara rububinsa a ƙarshen shekarun 1990, sun sha fama da wannan tsagewa.

Wannan ƙarfe mai taurin kai, da aka ɗan ɗumama shi, sai ya zama wani abu dabam. Vitreloy 1 yana fara laushi a wajen digiri 350, zafin da ko ja bai isa ya sa baƙin ƙarfe ya yi ba. Maƙeri sai ya zuga wuta ta kai wajen digiri 1000 kafin ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera, kuma duk da haka sai ya sa masaba da ƙarfin damtse. Shi kuwa gilashin ƙarfe daga nan laushinsa yake ta ƙaruwa, kaurin ruwansa ya ragu ninki dubbai a cikin tazarar digiri 'yan gomomi, har ya zama ana iya matsa shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Sendai an ɗauki sandar haɗin lantanom da alminiyom da nikel aka ɗumama, aka ja, ta miƙe fiye da ninki ɗari na tsawonta, ta zama zare. Ƙarfe na yau da kullum a sanyi, in ya ƙaru da rabin tsawonsa kafin ya tsinke, ya yi ƙoƙari.

Ba a nan aka fara ganin ƙarfe mai miƙewa fiye da kima ba. Tun a 1934 wani Bature ɗan Ingila, C. E. Pearson, ya ja wani haɗin kuza da bismut har ya kusa ninka tsawonsa sau ashirin. Amma irin waɗannan ƙarafa masu jeri sai an mayar da tsabarsu ƙanana ƙwarai, kuma a ja su a hankali, wani lokaci aiki guda ya ci rabin awa ko fiye. Gilashin ƙarfe ya fi su sauri nesa ba kusa ba, kuma sirrin rashin tsinkewarsa yana da daɗin ji. In ka ja waya, akwai inda zai fara sirancewa, nauyi ya taru a wurin, ya ƙara sirancewa, ta tsinke a nan. A cikin ruwa mai kauri kuwa, duk inda ya fi saurin miƙewa, nan ne ya fi turjewa, daidai gwargwadon saurin. Wurin da ya sirance ba ya samun damar tsere wa sauran, sandar duka take ramewa tare.

Matsalar ita ce lokaci. Zafin da ya ba ƙwayoyin damar motsi, shi ne kuma yake ba su damar neman jerin da aka hana su tun farko. Da an shiga wannan zafi agogo ya fara bugawa. A ƙasa-ƙasa ana da mintuna masu yawa amma ƙarfen yana da sauran tauri. In aka ƙara wuta ya fi laushi, amma lokacin ya ragu zuwa 'yan sakanni. Ga Vitreloy 1 tazarar ba ta fi digiri 80 ba. Wanda ya makara, ƙarfen zai sandare a tsakiyar aiki, kuma abin da ya rage masa a hannu ya fi kasko saurin fashewa, sai dai a sake narkarwa daga farko. Hausawa sun ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, suna nufin kada a bari ya huce. A nan ko bai huce ba, jinkiri kaɗai ya isa ya ɓata shi.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan tazara shi ne Jan Schroers, Bajamushe da ke koyarwa a jami'ar Yale. A 2007 shi da abokan aikinsa suka ɗumama wani faifan haɗin zirkoniyom, suka nuna cewa iskar huhun mutum kaɗai ta isa ta kumbura shi ya zama ƙoƙo. A 2009 suka danna gilashin ƙarfe a cikin mazubi mai ramuka ƙanana, suka fitar da sanduna masu kaurin nanomita 13, wato sai an jera dubbansu kafin su kai faɗin gashi guda. A 2011 suka nuna kwalabe na ƙarfe da gidajen agogo waɗanda aka hura cikin ƙasa da minti ɗaya, babu walda babu ɗinki, ƙarfinsu ya ninka na baƙin ƙarfen da aka saba. Masu zubin tukwanen alminiyom a kasuwanninmu za su fi kowa gane darajar wani abu a nan. Alminiyom in yana daskarewa yana tsukewa da wajen kashi 6 cikin ɗari, shi ya sa ake samun rami da kumfa a jikin tukunya, a koma ana kankara ana gogewa. Gilashin ƙarfe kusan ba ya tsukewa, domin babu ranar da ƙwayoyinsa suka taru suka matse cikin layi. Yadda mazubi yake, haka yake fitowa, har da ƙyallinsa.

A Beijin ta ƙasar Sin, a 2005, ƙungiyar Wang Weihua ta haɗa wani na seriyom da alminiyom da jan ƙarfe wanda yake laushi a digiri 68. A tsoma shi cikin tafasasshen ruwa, a lanƙwasa, a miƙe, a buga masa hatimi, a fito da shi ya koma ƙarfe. Johnson kuma ya bi ta wata hanyar a 2011: tun da agogo ne abokin gaba, sai a riga shi. Ya sakar wa 'yar sanda wutar lantarki mai ƙarfi a bugu ɗaya, ta kai wajen digiri 550 kafin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ya cika, aka tura ta cikin mazubi, ta huce, duka a cikin kashi 40 cikin dubu na sakan. Ƙwayoyin ba su ankara ba aka gama.

Har sararin samaniya ƙarfen ya je. Kumbon Genesis na hukumar NASA, wanda aka harba a watan Agusta 2001 don ya tattaro ɓurɓushin da rana take fesowa, yana ɗauke da wani faifan gilashin ƙarfe. An zaɓe shi ne saboda ba shi da tsaba, don haka ruwan asid yana cinsa bai ɗaya, falle bayan falle, a auna abin da ya nutse a kowane zurfi. Ranar 8 ga Satumba 2004 lemar saukar kumbon ta ƙi buɗewa, ya faɗo a hamadar Utah da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. Yawancin faya-fayan da ke ciki suka ragargaje. Na gilashin ƙarfen ya tsira, kuma daga jikinsa aka auna iskar niyon ta rana, aka buga sakamakon a 2006.

A kasuwa kuwa, amon ya fi gangar. Kamfanin Liquidmetal ya sa shi a raket ɗin tanis na Head a 2003, da agogon Omega a 2009. A watan Agusta 2010 Apple ya biya dala miliyan 20 don ya mallaki izinin amfani da shi a kayan lantarki, mutane suka zuba ido su ga waya sukutum ta gilashin ƙarfe. Abin da aka tabbatar ya shiga hannun jama'a a wancan lokaci shi ne ɗan tsinken da ake ciro layin waya da shi a wasu iPhone. Ni a ganina babu abin mamaki a ciki. Zirkoniyom da faladiyom ba su da araha. Ƙurar beriliyom guba ce ga huhu. Ɗan iskar oksijin kaɗan in ta shiga cikin narkakken, ta ba ƙwayoyin wurin fara jeri, don haka sai a tukunyar da aka zuƙe wa iska ake narka shi. Kuma ƙarfen da yake fashewa ba gargaɗi, ba wanda zai yi gada ko garma da shi. Gurbinsa ƙananan abubuwa ne masu wuyar siffa: haƙoran injin agogo, kayan aikin likita, sassan na'urori. Maƙerin da ke sayen tsohon sifirin na mota yana fitar da lauje, babu abin da zai raba shi da sana'arsa ta wannan fuska.

Inda wannan ƙarfe ya fi kusa da mutumin Maijirgi shi ne a kan falwayar lantarki, kuma tsohon zaren nan ne na shekarun 1970, na baƙin ƙarfe da boron da silikon, wanda babu tsada a kayan haɗinsa. Kowace taransifoma tana da zuciya ta ƙarfe, wadda maganaɗisu yake juyawa a cikinta sau 50 a sakan. Ƙarfe mai tsaba yana turjewa wannan juyi, turjiyar ta zama zafi, wutar ta tafi a banza dare da rana, ko da kowa ya kashe fitilarsa. Zuciyar da aka naɗa da zaren gilashin ƙarfe tana rage wannan asara da wajen kashi 70 cikin ɗari, shi ya sa Indiya da Sin suka kafa irinta da yawa, musamman a karkara inda taransifoma take wuni ba a jan wuta sosai. Ta fi tsada wajen saye, ta ɗan fi girma. Masu sayo wa garuruwanmu taransifoma, na gwamnati ne ko na ayyukan hasken rana, ya kamata kafin su sa hannu a takarda su tambayi dillali da wane ƙarfe aka yi zuciyarta, kuma wat nawa take ci in babu kowa a kan layi.